Dutsen Gugar Inna

Laraba, da hantsi

Mun sauka lafiya. Yaya ya zo tarar mu da kansa, ya yi ƙiba, furfura ta cinye masa gemu, amma dariyar tana nan yadda na san ta. Gidansu a saman bene yake, ɗakunan ƙanana ne, in ka yi miƙa sai ka taɓa bango. An ba mu ɗakin ɗansu da ya tafi jami'a. Maigida da Auta a katifar ƙasa, gado kuma ni da babbar 'yata Lauya, wadda ta ci sunan saboda tun tana ƙarama ba a yanke hukunci a gidanmu ba ta ɗaukaka ƙara ba. Tun daga filin jirginmu na gida ba ta ce mini uffan ba. Gajiya ce.

Na buɗe akwatuna a falo. Anti, matar Yaya, ta ɗaga jajayen takalman nan ta jujjuya su, ta shafa leshin, ta ce, "Ashe ku ma kuna samun irin waɗannan a can?" Na ce, "Wannan ai na zaman gida ne." Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan gaya mata haka. Na gaya mata, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Dogo ya bugo waya. Yana ta ihu, "'Yar Gayu, kin iso garinmu!" Ba wanda ya rage yana kira na haka sai shi. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu muna yara. Bayan gaishe-gaishe ya ce Inna, mahaifiyarsa, ta gaya masa ta ba ni saƙo.

Na ce ƙaramar jaka ɗaya ba ta iso ba, saƙon yana ciki.

Alhamis, da safe

Rana a nan ba ta san ta faɗi ba. Shi ya hana ni barci.

Juma'a, bayan la'asar

Mun je shagon Dogo. Shagon wanki da guga ne, nasa na kansa, a wata kwana kusa da tashar bas. Riguna a rataye cikin leda suna tafiya a kan ƙarfe in ya danna maɓalli, Auta ya ƙi barin maɓallin. Ga tururi, ga ƙamshin sabulu, ga wani injin matse wando da ke huci in an taka shi. Dogo ya rame. Ya rungume Maigida, ya kalle ni ya ce har yanzu tafiyata ta masu gudun ƙura ce.

Sai ya ja mu bayan kanta ya nuna mana wani ɗan katako da ya kafa a bango, daidai inda duk mai shigowa zai gani. Ya goge shi, ya shafa masa mai, ba komai a kai.

"Nan zai zauna," in ji shi. "Ta ce ta aiko mini da abokin aikinta. Kun san da shi ta biya mini makaranta. Ke ma ai da shi take goge miki kayan makaranta, kina tsaye kina cewa a ƙara kari."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ya ce abu ɗaya ke damun sa. Inna ba ta doguwar magana a waya. Maƙwabciyarta ce ke riƙe mata, ita kuwa daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka", sai ta ture wayar. "To ban sani ba," in ji shi, "kyauta ce ta aiko, ko faɗa ne. Ko nufinta ga abin da na raine ka da shi, ka riƙe, tunda ka ƙi zuwa." Maganar rashin zuwansa gida maganar takardu ce, ba a yin ta a gaban yara, ni ma ba zan yi ta a nan ba. Amma Lauya ko rarrafe ba ta fara ba lokacin da ya tafi.

Lauya ta buɗe baki za ta yi magana, na take mata ƙafa.

Asabar, da azahar

Duk sun fita ganin gari, na ce kaina na ciwo. Bari in rubuta sau ɗaya, ko zan samu in ci abinci.

Saura kwana biyu tafiyarmu Inna Mai Guga ta aiko a kira ni. Na je a gurguje da Lauya, tela bai gama mini leshi ba, wayata sai ƙara take. Inna tana kwance, ta koma kamar tsinke. Ta sa Lauya ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, an naɗe da tsohon zaninta, an ɗaure tamau. Dutsen guga ne, irin na gawayi, mai ɗan zakara a baki. Ban kwance ba, nauyin kaɗai ya ishe ni sani. Tana ta magana, ni kuma ina faɗa da tela a waya. Na ce, "To Inna, zai ji, in sha Allahu."

A filin jirgi aka ɗora akwatina a ma'auni, ya wuce. Mai awon ya ce ko in rage ko in biya, layi kuma ya yi tsawo a bayanmu, Maigida yana can yana fama da fasfo da Auta. Na ja akwatin gefe na buɗe. Ga takalma, ga leshi, ga turaruka, ga ƙunshin Inna. Lauya ce ta riƙe mini murfin.

Akwai jerin kujerun ƙarfe a jikin bango. Na tura shi ƙarƙashin ta ƙarshe da ƙafata.

Da ƙafata. Ko sunkuyawa ban yi ba.

Na ce wa Lauya in ta kuskura ta ɗaga maganar saƙon nan a gaban kowa, ni da ita ne. Abin da na gaya wa kaina shi ne, wa zai yi guga da gawayi a ƙasar da ko hayaƙi ba a bari? Tsohon ƙarfe ne kawai. Har yanzu in na faɗa wa kaina haka yakan yi aiki na ɗan lokaci.

Litinin, da yamma

Walima a gidan ƙawar Anti. Na sa jajayen. Sun matse ni, yatsana ya yi bororo, mata biyu sun tambaye ni inda na saya.

Talata, da magariba

Dogo ya rufe shago tun safe, ya zo ya ɗauke ni zuwa ofishin ɓatattun kaya na filin jirgi. Na yi ta cewa ya bari, za su kira mu, ya ce mutanen nan in ba ka tsaya a kansu ba sai su manta da kai.

Wata yarinya ce a wurin, ba za ta girmi Lauya da yawa ba, gashinta a ɗaure, sai haƙuri take bayarwa. Dogo yana fassara. Ta tambayi ɗan tikitin da ake maƙala wa kaya, na ce ya ɓace. Ta tambayi launin jakar. Na ce shuɗiya. Mai taya ce ko ta rataya? Ta rataya. Akwai wata alama a jiki? Na ce zif ɗin gefe ya lalace. Wallahi ban san daga ina zif ɗin ya fito ba. Ina zaune ina ɗinka jakar da ba a taɓa yi ba, har na fara ganin ta.

Yarinyar ta duba na'urarta ta ce duk kayan da aka yi wa rajista da sunanmu sun fita. Sai Dogo ya tashi. Dogon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko lokacin da yaran unguwa ke tsokanar sa da ɗan mai wanki. Ya buga teburin, yana ta faɗa da yarensu, mutane suka juyo. Fuskar yarinyar ta yi ja, idonta ya kawo ruwa, ta ci gaba da ba shi haƙuri. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A mota ya ce in yafe masa, ya kunyata ni a gaban mutane. Ya tsaya ya saya mini ruwan lemo.

Laraba, da safe

Yaya ya tambayi launin jakar wajen karin kumallo, na ce koriya. Lauya ta ajiye cokalinta ta tashi.

Laraba, bayan la'asar

Maigida ya tare ni a matakala, inda ba mai ji. Ya ce, "Akwatunanmu duk sun iso, ko ni ne ban iya ƙirga ba?" Ya ce, "Kuma ba mu da shuɗiyar jaka, ba mu da koriya." Na fara cewa ai layi ne ya yi tsawo, ya ɗaga mini hannu.

"Ba zan tona ki ba," in ji shi, "amma kada ki sa ran zan taya ki. Kuma ba zan ƙara taka shagon mutumin nan ba sai kin gyara. Ban iya cin abincinsa ina kallon katakon nan ba."

Da ma zagi na ya yi. Mutumin nan ko a faɗa sai ya yi wa mutum adalci, abin da ke ƙona mini rai da shi ke nan.

Na bugo wa ƙanena a gida, na ce in ya samu hanya ya leƙa filin jirgi ya duba ƙarƙashin kujeru. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yaya, bayan mako guda? Ai ko kujerar ce a gode Allah in tana nan." Ban gaya masa ko mene ne ba.

Juma'a, da hantsi

Zan gaya wa Dogo yau.

Juma'a, da yamma

Ya kawo wa yara kekuna na aro, ya yi ta bin Auta a guje a filin wasa da doguwar ƙafarsa. Wa zai gaya wa mutum irin wannan magana yana haki yana dariya?

Lahadi, da azahar

Anti ta kai ni kasuwar tsofaffin kaya da ake ci a wani filin ajiye motoci. Tebura a jere, tsofaffin agogo, kofuna marasa 'yan uwa, hotunan kakannin da ba wanda ya san su. Anti tana taya wata fitila, ni ina yawo, sai na gan shi tsakanin wani tsohon sikeli da kaskon ƙarfe. Baƙi, mai mariƙin katako, da ɗan zakaransa a baki.

Ni da nake taya tumatir sai mai shi ya rantse, ko tayi ban yi ba. Tsohon ya naɗe mini a jarida yana murmushi, na cusa a jakar hannu, kafaɗata ta karkace har gida. Anti ta ce me na saya haka mai nauyi, na ce littattafai. Ta ɗaga gira, don ta san ni.

Yana ƙarƙashin gado, a bayan takalma. Na naɗe shi da zanina mafi tsufa, na ɗaure. Dutsen guga dai dutsen guga ne. Shekarun da ya yi bai gan shi ba, me zai tuna?

Lauya ta shigo ina ɗaurewa. Ta tsaya a ƙofa. "Mama," ta ce. Kalmar farko da ta yi mini ni kaɗai tun da muka zo. Na jira sauran, ta juya ta fita.

Talata, da safe

Inna ta rasu. Maƙwabciyar ce ta bugo wa Dogo, shi ya bugo wa Yaya. Allah ya jiƙan ta.

Talata, da la'asar

Dogo ba zai iya zuwa gida ba. An kai ta ba ya nan.

Alhamis, da magariba

Kwana biyu ke nan muna gidansa, wani ɗan ɗaki a saman shagon. Mutanenmu na garin nan suna ta zuwa gaisuwa, takalma sun cika matakala. Ni nake dafa shayi, ni nake wanke kofuna, na hana kowa taɓawa. Anti tana ta yabo na a gaban mata, wai ga zumunci, ga wadda ta san maƙwabtaka. Duk yabon da ta yi sai in ji kamar ta watsa mini ruwan zafi.

Maigida ya zo, don wannan ba abin ƙin zuwa ba ne. Bai kalle ni ba.

Dogo bai yi kuka ba. Yana zaune yana amsa gaisuwa, yana murza wani tsohon tabo a tafin hannunsa. Ɗazu da mutane suka ragu ya ce da ni a hankali, "Da jakar nan ta iso da wuri, da na san abin da zan ce mata a wayar ƙarshe. Sai na yi ta tambayar ta ko ta sha magani."

Na ce, "Sun bugo. Gobe za ta iso."

Ban san wace irin mace ce ke faɗin haka a gidan makoki ba. To, ga ta, da alƙalami a hannu.

Asabar, da hantsi

Jiya na kai. Ban iya rubutawa jiya ba.

Shago a rufe yake, amma yana ciki yana goge kayan mutane da suka taru, wai aiki ya fi zama. Lauya ta biyo ni ba tare da na ce ta zo ba, ban kuma hana ta ba. Na ɗora ƙunshin a kan kanta. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya kwance ɗaurin a hankali, ya kalli zanin, ya kalle ni. Ya ɗaga dutsen. Ya shafa mariƙin da babban yatsa, ya taɓa kan ɗan zakaran, ya daɗe yana taɓawa.

"'Yar Gayu," in ji shi, "zakaran Inna ba shi da kai. Ni na yar da shi ranar da ya ƙone ni, kan ya ɓalle. Kina wurin. Ke kika ruga kika kira ta."

Ya buɗe mini tafin hannunsa.

Na kalli tabon. Daga baya na faɗa masa, duka, har kujerar, har ƙafar. Ban ambaci takalman ba, amma ya kalli ƙafata, to ban sani ba. Na jira ya buga kanta yadda ya buga wa yarinyar nan tebur. Wallahi na so ya buga.

Ya zauna a kan kujerar ɗinki. Can ya ce, "Ƙarfe ne. Ya tafi. Abu ɗaya zan tambaye ki, ki gaya mini gaskiya ko da ba daɗi. Da ta ba ki, me ta ce?"

Na lalubi kaina kaf. Na tuna tela ya ce saura hannu ɗaya, na tuna na ce masa in bai gama ba kada ya ƙara gaishe ni. Na tuna bakin Inna yana motsi. Ban tuna kalma ɗaya ba.

Sai Lauya ta ce, "Kawu, ni na ji."

Ta matso gabansa, ba ta tsallake komai ba. "Cewa ta yi a gaya maka hannunta ne ya daina iya ɗaga shi, shi ya sa ta aiko, don kada ya yi tsatsa a hannun wanda bai san shi ba. Ta ce a gaya maka ba fushi take ba. Sau biyu ta faɗa. Ta ce ta san da da hali da ka zo, kada ka sa abin a ranka, ka ci abinci."

Dogo ya rufe fuskarsa da zanina. A nan ya yi kukan da bai yi ba tun ranar Talata, irin kukan da babban mutum ke yi, mai fitowa da ƙyar. Lauya ta durƙusa ta riƙe masa gwiwa, tana cewa, "Ka yafe mini, Kawu, tun ranar farko na so in faɗa." Ba ta ce an hana ta ba. Ta rufa mini asiri, ita da na take wa ƙafa.

Ya ce, "Tun ranar farko." Ba da ita yake ba, ba da ni yake ba. Inna tana da rai a ranar farko, da ta biyu, har kusan mako biyu bayan isowarmu.

Na sa hannu zan ɗauke dutsen in fita da shi, ya ce, "Bar shi. Wata uwar ce ta ci da 'ya'yanta da shi." Ya tashi ya ɗora shi a kan katakon.

Lahadi, da safe

Ban fita daga ɗaki ba. Anti ta kawo mini shayi ta ajiye, ba ta tambayi komai ba. Wato ta sani. Wato kowa ya sani.

Talata, da yamma

Na koma ofishin ɓatattun kaya ni kaɗai, bas biyu, na ɓata a hanya. Yarinyar ba ta nan, wani mutum ne a kujerarta. Ban iya yarensu ba, shi bai gane abin da nake nema ba. Na tsaya na ɗan lokaci na dawo.

Alhamis, da la'asar

Gobe za mu koma. Ban zaci Dogo zai zo sallama ba, sai ga shi. Ya yi wasa da Auta, ya yi wa Maigida godiya, ya sa wa Lauya albarka har ta ji kunya. Ni ina bakin ƙofar kicin ina goge kofin da na riga na goge.

Da zai tafi ya zaro wani ƙunshi a leda, irin ledar shagonsa. Mayafi ne mai taushi, ya goge shi ya ninke, ko kari ɗaya bai karkace ba. Ya ce ya daɗe da saya wa Inna, yana jiran mai tafiya. Yanzu a kai wa maƙwabciyar da ke riƙe mata waya, a ce mata ya gode, a ce mata ya ji saƙon.

Maigida ya miƙa hannu zai karɓa. Dogo ya wuce shi, ya wuce Lauya, ya zo har bakin kicin.

"Ungo, 'Yar Gayu," in ji shi. "Ba nauyi."

Na ce, "Maimaita mini abin da zan ce mata."

Ya maimaita. Na sake cewa ya maimaita.

Juma'a, da rana, a cikin jirgi

Mayafin yana kan cinyata. Ma'aikaciyar jirgi ta zo sau biyu tana nuna mini in sa shi a sama, na girgiza kai. Lauya ta yi barci, kanta ya gangaro kafaɗata, ban motsa ba don kada ta farka ta janye.

Ya gode. Ya ji saƙon.

In mun isa unguwa, kafin in kai ƙofar maƙwabciyar sai na wuce ta Inna.